Tsuntsayen Hanyar Gobir: Daga Sakkwato Zuwa Sabon Birni da Isa

 A wannan fili na sharhi mun saba ɗaukar mas'ala guda mu dubi gabanta da bayanta, gwargwadon abin da Allah ya sawwaƙe mana. Yau, da yardar Allah, tafiya za mu yi, ko da yake kowa yana zaune inda yake, manomi a bakin garkarsa, direba a tasha, uwargida a tsakar gida. Za mu tashi daga birnin Shehu mu nufi gabas maso arewa, mu ratsa ta Wurno da Goronyo, mu sauka Sabon Birni, sa'an nan mu karkata kudu zuwa Isa, kuma abin da za mu zura wa ido a duk tsawon hanyar shi ne tsuntsaye, da ƙasar da take ɗauke da su.

Na san akwai mai sauraren da zai ce a ransa, a wannan zamani da Bagobiri yake barci da ido ɗaya, hatsi ya yi tsada, hanya ta zama abin fargaba, wa ke da sukunin ɗaga kai ya dubi abin da ke shawagi a sama? Tambaya ce mai hujja, kuma za mu zo kanta a muhallinta. Amma tun da fari ya kamata mu tuna cewa duban halitta da idon basira daɗaɗɗen abu ne a addininmu. A cikin Suratul An'ami an sanar da mu cewa tsuntsaye su ma al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma, a cikin Suratun Nahli da Suratul Mulki kuma an ja hankalinmu ga tsayuwarsu a sararin samaniya, wadda ba mai ikon riƙe ta sai Mahalicci; hankaka ne ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda ake binne gawa, alhudahuda kuwa shi ya zo wa Annabi Sulaimanu da labarin Saba'i. Malaman da suka gabata ba su ɗauki wannan fanni abin wasa ba, domin Jahizu na Basra ya wallafa Kitabul Hayawan tun a ƙarni na 9, Damiri na Misira kuma, wanda ya rasu a 1405, ya bar mana Hayatul Hayawan, littafin da har yau ake samu a zaurukan malamanmu. Saboda haka wanda ya tsaya yana kallon tsuntsu da niyyar i'tibari, yana kan turbar magabata ne. Bayan wannan kuma akwai fa'ida ta zahiri, wadda ita ce ginshiƙin maganata ta yau: tsuntsu shaida ne a kan lafiyar ƙasa, zuwansa da ƙaurarsa suna faɗa mana halin ruwanmu da itatuwanmu tun kafin mu ji a jikinmu. Hausawa sun riga sun taƙaita zancen da suka ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Wanda ya fita daga Sakkwato da sanyin safiya a cikin watannin hunturu, ya wuce Achida, zai lura cewa ƙasar nan fuska biyu gare ta. A gefe guda ga tudu, jan dutse da tsakuwa da faƙo, inda ba abin da ke jure ƙishirwa sai sabara da geza da kalgo da tumfafiya, da aduwa da magarya nan da can. A ɗaya gefen kuma, can ƙasa, ga fadamar gulbin Rima shimfiɗe kore shar, da shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama, da goriba tsaitsaye a bakin gonaki. Ruwan sama a wannan yanki ba ya wuce 'yan watanni, daga wajen Yuni zuwa Satumba, sauran shekara kuwa sai ƙura da zafin bazara, don haka duk mai rai, mutum ne ko dabba ko tsuntsu, rayuwarsa tana kai da komowa ne tsakanin tudun nan da fadamar nan.

Tsuntsayen tudu su ne matafiyi zai fara cin karo da su, kuma yawancinsu launin ƙasar suka ɗauko, ta yadda sai sun motsa ake ganinsu. Ga bardo mai doguwar wutsiya yana tsince-tsince a gefen kwalta, ga hasbiya a kan gine-gine, ga fakara tana tsallake hanya da gudu ta faɗa cikin sabara, ga shirwa tana kewaya kan kowane ƙauye tana dakon ɗan tsakon da uwarsa ta yi sakaci. A kan wayar lantarki ko busasshen reshe za a ga tsanwaka, shuɗiya mai dogayen gashin wutsiya biyu, tana zaune shiru har sai fara ta motsa a ƙasa ta sauko mata. Wanda kuwa ya fi cancantar a tsaya a yi tafakkuri a kansa shi ne cilakowa, domin idan lokacin ƙwai ya yi, macen takan shiga kogon itace, a liƙe bakin kogon da laka har sai ɗan tsagi ya rage, ta zauna a ciki makonni, namijin yana kawo mata abinci ta wannan tsagi har 'ya'yan su yi ƙwari. Ma'anar wannan ita ce cilakowa ba ta da gida sai a tsohon itace mai kogo, kuma duk ranar da mai gatari ya kayar da tsohuwar kuka ko tsohon gawo don itacen girki ko gawayi, ya rushe gidan da sai bayan shekaru masu yawa wani zai maye gurbinsa. Idan ka bi hanya mai tsawo ba ka ji kukan cilakowa ba, to ka duba da kyau, za ka tarar manyan itatuwa sun ƙare a wurin.

Ya dace musafiri ya ratse Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗinsa, inda ya rasu a 1837 kuma inda hubbarensa yake, domin daga kan tudun garin ido yana ɗaukar fadamar Rima gaba ɗaya, mutum ya fahimci dalilin da ya sa aka zaɓi wurin don tsaro da noma a lokaci guda. Duwatsun da ke tsakanin nan da ƙasar Goronyo kuma suna ɗauke da wani abin mamaki da ya girmi tarihin kowane sarki. A wuraren Taloka da Dukamaje masana ilmin ƙasa sun tono ƙasusuwan kifaye da kunkuru da kadoji da wasu manyan dabbobin teku da suka zama dutse, har ɗaya daga cikinsu, wata ƙatuwar dabbar ruwa mai dangantaka da guza da damo, aka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972, da sunan garin Goronyo. Bisa ƙiyasin masanan, fiye da shekara miliyan 66 da suka shige wannan tudu mai ƙura, inda yau akuya ke wahalar samun abin tsinka, ƙarƙashin teku yake. Wanda ya riƙe ɗaya daga cikin waɗannan duwatsu a hannunsa ba ya bukatar dogon wa'azi kafin ya yarda cewa Mai juya al'amura yana mayar da teku tudu, kuma ni'imar da muke gani a fadama ba gado ba ce da aka rubuta mana har abada.

Daga nan sai madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala gininta a 1984, tana iya ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, ita ce kuma ke shayar da Sakkwato da gonakin rani na kwarin Rima. Mutanen yankin ba za su manta da ambaliyar 2010 ba, lokacin da ruwan ya fi ƙarfin madatsar ya shafe garuruwa da gonaki. A bakin wannan ruwa, da tafkunan da gulbi ke bari bayan ya janye, a nan mai son tsuntsaye zai so rana ta daɗe ba ta faɗi ba. Zalɓe yana tsaye da ƙafa cikin ruwa, ba ya ko motsi, yana jiran kifi. Balbela tana bin garken shanu tana cafke ƙwarin da kofatansu ke tayarwa. Carki yana manne a doron sa yana cire masa kaska. Ƙirinjijiya suna tashi garke guda da fito mai daɗi. Dinya, babbar agwagwar daji, tana can nesa da mutane saboda ta san bindiga. Zakaran ƙeƙuwa kuma, da zarar ya hango mutum, sai ya cika wuri da ƙara har kowa ya san an zo.

A cikin wannan taro akwai baƙi waɗanda yawancinmu ba mu san daga inda suka fito ba. Ƙananan agwagin ruwa masu farin layi a saman ido, da tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da ke sauka garke-garke a gonakin shinkafa, da ɗan ƙaramin nan mai rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya a tsakanin ƙafafun shanu, da wani jinsi na tsattsewa, duk a ƙasashen Turai da Rasha suke yin ƙwai su ƙyanƙyashe. Idan sanyi ya gabato can, abinci ya yanke, sai su taso su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Hamadar Sahara, waɗansunsu nauyinsu bai kai na ƙwan kaza ba, ba guzuri sai kitsen jikinsu, kuma ruwa na farko da korayen ganye na farko da za su tarar bayan wannan doguwar wahala su ne fadamun ƙasashenmu, daga kogin Sanagal zuwa Kwara da Rima da Haɗeja har tafkin Cadi. Turawa da kansu sun daɗe cikin jahilcin inda tsuntsayensu ke tafiya, har waɗansu malamansu na dā suka zaci a cikin laka suke ɓuya, sai a 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin mutanen Afirka soke a wuyanta, wadda har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Daga 1899 kuma wani malamin makaranta a Denmark mai suna Mortensen ya soma sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, domin duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa ya ba da labari. Saboda haka idan masunci ko maharbi ya sami tsuntsu da zobe a ƙafa, kada ya tsorata ko ya zaci sihiri ne. Lamba ce ta masu bincike, kuma kai ta ga malaman jami'a taimako ne ga ilmi.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa tsuntsu shaida ne ta bayyana a 1969. A wannan shekara masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda yake cika musu shingaye kowace bazara, kusan kashi uku cikin huɗu nasa bai komo ba. Da aka bi diddigi, sai aka gane cewa ruwa ne ya gaza a ƙasashenmu na bakin hamada, inda tsuntsun ke cin rani. Wannan kuwa ya faru ne shekaru kaɗan kafin babban farin 1972 da 1973, wanda dattawanmu ba sa son tunawa da shi, lokacin da dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu. Ashe tsuntsun ya riga ya yi jawabi, masu ganewa ne suka yi ƙaranci.

Mu ci gaba da tafiya. Bayan Goronyo hanya tana bin kwarin gulbi har Sabon Birni, kuma a nan ne matafiyi ya shiga zuciyar Gobir. Kusa da garin akwai kufan Alƙalawa, birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa a tsakiyar ƙarni na 18, inda Bawa Jangwarzo ya yi mulki, inda kuma rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci Sarkin Gobir Yunfa a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya rabu da su ya kafa wannan Sabon Birni. Haka zuri'a guda ta kasu gida biyu, sa'an nan Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka ja layi a tsakani, wannan ya zama ɗan Nijeriya, wancan ɗan Nijar. Amma ruwa bai san da wannan layi ba. Gulbin Maraɗi a ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya wuce Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya komo Nijeriya a ƙasar Sabon Birni, ya haɗu da ruwan Bunsuru da Gagare da suka gangaro daga kudu ta ƙasar Isa, su zama Rima. Tsuntsun da ya sha ruwa a tafkin Madarumfa da hantsi yana iya kwana a fadamar Sabon Birni, don haka kiyaye shi amana ce a wuyan ƙasashen biyu tare.

Ba a zancen tsuntsayen Gobir a bar shamuwa, domin ita ce kalandar manomi tun kafin a san ma'aikatar hasashen yanayi. A ƙarshen bazara, lokacin da zafi ya kai maƙura, rijiyoyi suka ja baya, sai a wayi gari a gan ta a kan kukar bakin kasuwa ko tsamiyar ƙofar fada, baƙa mai farin ciki, tana jan kara tana gyaran sheƙar bara, daga nan kowane magidanci ya san lokacin sassabe da kai taki ya ƙure, a fiddo iri a gyara kwasa. Ta zaɓi zama cikin mutane, mutane kuma suka ba ta amana, ba a jifarta, ba a taɓa ƙwanta, yaron da ya gwada kuwa zai gamu da faɗan kowane babba a unguwa. Wannan amana tana da sakamako a gona, domin abincin shamuwa fara ne da tsutsa, ita da 'ya'yanta suna cinye abin da da ya cinye gero. Idan kaka ta yi sai ta tattara ta nufi gabas da kudu, ta ƙetare tsakiyar duniya, ta riski damina a Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, ta ci farar can, kana ta juyo. Ga tsuntsuwar da ba ta taɓa karatu ba, amma tana bin ruwan sama daga wannan gefen nahiya zuwa wancan ba tare da kuskuren wata ba. Tsarki ya tabbata ga wanda ya shiryar da ita.

Daga Sabon Birni zuwa Isa, garin da sarkinsa shi ma yake riƙe da sarautar Sarkin Gobir, hanya tana ratsa gonakin gero da dawa da jigayi, a yamma kuma ga dajin Gundumi. A nan ne ya wajaba mu amsa tambayar da muka ajiye tun farko. Gaskiya ce mai ɗaci cewa wannan hanya da nake siffanta muku, a shekarun nan ba hanyar yawon buɗe ido ba ce. Direba yana taka mota ne da addu'a a bakinsa, fasinja ba ya duban reshe sai don tsoron abin da ke bayansa, ƙauyuka da yawa sun zama kufai, gonaki sun koma saura. A watan Disamba na 2021 an ƙone matafiya a cikin motarsu a ƙasar Sabon Birni, a watan Agusta na 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun 'yan bindigar da suka tare shi a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato. Allah ya jiƙansu, ya jiƙan dukkan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ta wannan hanya. Ba na kiran kowa ya shiga daji don kallon tsuntsu, kuma shari'a ba ta yarda mutum ya jefa kansa cikin halaka ba. Amma ina tunatar da mu cewa Gundumi ya taɓa ganin irin wannan zamani. A 1853 Bajamushen matafiyin nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, sai da ayarinsa ya yi tafiyar sa'a 26 ba zango kafin ya fita daga wannan daji, saboda yaƙin da ke tsakanin Sakkwato da Gobirawa a lokacin. Wancan tsoro ya wuce, har aka zo zamanin da fatake da 'yan makaranta ke ratsa dajin da dare ba abin da ke damunsu. Wannan ma zai wuce da izinin Allah, kuma abin tambaya shi ne wace irin ƙasa 'ya'yanmu za su tarar ranar da hanya ta buɗe.

Dalilin damuwa shi ne akwai waɗanda suka riga suka ɓace, ko suna gab da ɓacewa. Jimina, wadda gashinta ya taɓa zama hajar da ayari ke ɗauka zuwa Tarabulus, yau sai a gidan mai hali ko gidan ajiye namun daji. Tuje ya yi wuyar gani. Gauraka mai tukku kamar zinariya, wanda kukansa ke tashin mutanen fadama da asuba, kamu don ƙawata gidajen manya da bushewar dausayi sun kusa share shi daga dazukan Nijeriya. Mafi ban tsoro shi ne al'amarin ungulu. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san lokacin da ba mahautar da ba ta da ungulaye jere a kan katanga, har Hausawa suka ce ungulu ba ta jewar banza; yau yaro yana iya gama firamare bai taɓa ganinta ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu ta sanya ta a jerin waɗanda ke bakin ƙarewa, tare da babbar mikiyar nan mai cin mushe, wadda a 1973 jirgin sama ya yi karo da ɗayarsu a sararin Abijan a tsayin mita 11,300. Sababin ƙarewarsu sananne ne, guba da ake zubawa a mushe, da farautarsu don sayar da kai da ƙafafu ga masu tsibbu. Wanda yake ganin rashin ungulu ba hasara ba ne, ya dubi Indiya, inda wani maganin ciwon dabbobi ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayensu daga shekarun 1990, mushe ya rasa mai kwashewa, karnukan sake suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, har gwamnati ta haramta maganin a 2006. Allah bai halicci wannan tsuntsuwa da wasa ba, aikin tsabtace gari aka ɗora mata, ba ta kuma taɓa neman lada a wurinmu ba.

Adalci ya sa mu ambaci ɗaya gefen, domin manomin da jan baki ya sauka a gonarsa ba zai ji daɗin yabon tsuntsaye ba. Wannan ɗan tsuntsu yana tafiya ne dubbai bisa dubbai, yana iya mayar da gonar gero ko shinkafa kara zalla a yini guda, yara su wuni a kan rumfa suna kaɗa gwangwani da majajjawa har muryarsu ta dushe. Kare amfanin gona wajibi ne, ba mai jayayya a kai. Abin da muke roƙon hukuma shi ne, idan za a yi feshi da jirgi, a yi shi da ilmi da mizani, a kan matattarar jan bakin kaɗai, nesa da ruwan sha da wurin kiwo, saboda gubar ba ta tantance mai laifi da marar laifi, tana kashe shaho da shirwa da balbela waɗanda suke taimakon manomin, tana kuma iya komawa cikin mutanen da suka tsinci matattun tsuntsayen suka ci.

Gyara kuwa mai yiwuwa ne, kuma misalinsa yana nan kusa da mu, a hannun 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka. Bayan farin 1983 da 1984, manoman jihar Maraɗi, tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka ɗauki dabarar da ake kira sassaben zamani, wato maimakon a sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture a ƙone, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su su girma. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba, amma an ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi a kan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, da yawansu gawo ne, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi ganye da rani ya ciyar da dabbobi. Inda itace ya komo, inuwa da taki da tsuntsu sukan biyo shi. Mu ma muna da asali a shari'a da al'ada, domin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin raya matacciyar ƙasa da keɓe hurumi don maslahar jama'a, hadisai kuma sun zo da hani ga kashe tsuntsu ba bisa haƙƙi ba, da umurnin mayar wa uwa 'ya'yanta da aka ɗauke daga sheƙa. Hakimi ko dagacin da ya ce wannan tafki hurumi ne, ba harbi ba tarko, wannan kuka ba mai sare ta, ya raya sunna ce ta magabatansa.

To, me mai sauraro zai iya yi tun daga gobe, ba tare da ya bar inda yake da aminci ba? Ba a bukatar mota ko madubin hangen nesa, ko da yake wanda ya samu zai ƙaru. Bishiyar dogon yaro ta harabar makaranta, da bakin rijiya, da kududdufin bayan gari sun isa farawa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar. A zauna shiru, a sa rana a baya, a lura da girman tsuntsun, da siffar bakinsa da ƙafafunsa, da yadda yake tashi, da kukansa, da abin da yake ci, sa'an nan a rubuta a ɗan littafi tare da kwanan wata da sunan wurin, da boko ko da ajami. A rubuta ranar da shamuwa ta sauka bana da yawan sheƙunanta a gari, a sake rubutawa baɗi, domin irin wannan lissafi mai sauƙi shi ne ya sa mutanen Ingila suka gane farinmu daga nesa. Mafi muhimmanci, a je wurin tsofaffi, makiyaya da masunta da maharba da tsofaffin mata, a tambaye su sunan kowane tsuntsu da kirarinsa da abin da zuwansa ke nufi, saboda yawancin waɗannan dattawa yanzu suna zaman gudun hijira a cikin garuruwa, kuma duk wanda ya rasu a cikinsu yana tafiya da ilmin da ba a rubuta ba.

Ina kira ga malaman firamare da na islamiyya na Sabon Birni da Isa da Goronyo da Wurno, su ware wa almajiransu ko da sa'a guda a mako don wannan aiki. Ina kira ga ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo 'yan asalin wannan yanki, su tattara abin da aka rubuta, su haɗa kai da cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jami'ar Jos, wadda take tattara bayanan tsuntsayen Nijeriya baki ɗaya, don kada taswirar Gobir ta zauna fayau. Ina kira ga iyayenmu sarakuna su sa baki a kan cinikin ungulu da sarar manyan itatuwa, ga limamai kuma su ambaci haƙƙin dabba da tsuntsu a cikin huɗuba, kamar yadda suke ambaton haƙƙin maƙwabci.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mayar da kowa garinsa da gonarsa, ya buɗe hanyoyinmu, ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu cikin masu kiyaye amanar ƙasa.